Gayyar Masara a Ƙarƙashin Jirgin Yaƙi

Jirgin yaƙin ya sake zagayowa ta kan gonar, Mannir kuwa ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya ɗauki buhu ya ajiye, ya je bakin gona ya dawo. Gayya ya kira, mutanen Mahuta suka amsa masa fiye da zatonsa, don kowa ya san in masarar nan ta ƙara kwana a bakin daji, 'yan bindiga ne za su ci ta, iyalinsa su sha yunwa. Sai dai kowa da babur ɗinsa ya zo, aka jere su a gindin ɗorawa ɗaya kamar ranar kasuwa.

Baba Sanda, ƙanen mahaifin Mannir da ya taɓa gadi a filin jirgin soja, tuni ya sami abin da ya fi so, wato masu sauraro.

"Wannan ai tsoho ne," in ji shi, yana kare rana da hularsa. "Asali don koyar da matuƙa aka ƙera shi, kujera biyu, malami a baya. Daga baya aka rataya masa bama-bamai a ƙarƙashin fukafukai."

"Baba, yana gane manomi daga can?" in ji Mannir.

"Yana dai gane babura."

Mannir ya waiwaya ya dubi gindin ɗorawar. Tarin babura a bakin daji, maza zalla, kowa da kaya a kafaɗa. Shi kansa da yana sama, ai ɓarayin daji zai ce. Tsoro ya kama shi sosai kada a sakar musu bam, don shi ya raba mutanen nan da gidajensu.

"Jama'a, ku yi haƙuri a watse," ya ce. "Ɗaya bayan ɗaya, ban da jerin gwano."

"Haba Yaya, ko rabi ba mu yi ba," in ji Murtala, mijin ƙanwarsa. "Jirgin nan fa shi ya ba mu ƙarfin gwiwar zuwa. Muddin yana sama, mutanen daji ba sa leƙowa."

"Na sani. Ɗauki Baba ku tafi."

Suka watse suna ƙunƙuni. Babur na ƙarshe bai gama ɓacewa ba jirgin ya miƙe kudu, ƙararsa ta mutu, dajin ya yi tsit.

Mannir ya sunkuya ya ci gaba da karya masara shi kaɗai. Hannunsa na aiki, kunnensa na sama, yana roƙon Allah Ya dawo da jirgin.