Dutsen da Renata Ta Manta a Shago

Gina wa mutane shafukan intanet ne sana'ar Renata Halvorsen, amma hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Tana da ƙananan shagunanta a intanet, na sabulu da na hulunan saƙa. Ranar da take haɗa na uku, sai ta ɗauki hoton dutsen da take tokare ƙofa da shi, ta sa masa farashi don ta gwada ko wurin biyan kuɗi yana aiki. Ya yi aiki, ita kuma ta manta ba ta cire hoton ba.

Ranar Talata wani mutum daga can jihar Arizona ya saye dutsen.

Mijinta Curtis ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi. "To, uwar 'yan kasuwa, sai ki ba bawan Allah haƙuri, ki ce kuskure ne."

"Kuskuren wa? Dutse ya gani, dutse ya saya."

Ta wanke shi tas, ta naɗe, ta rubuta cewa daga bakin tafkin garinsu Duluth ya fito, ta kai gidan waya. Ƙofar ta yini tana buguwa.

Ba a jima ba mutumin ya tambaya ko ƙanwarsa za ta samu irinsa, don su ma a Duluth suka tashi.

Yanzu duk Asabar Renata tana bakin tafki a sunkuye tana zaɓen duwatsu, masu shafuka suna ta kiran wayarta. Curtis ne ke riƙe da bokitin.