Hoton Fulgencio a Bangon Shago

Don Eligio ya tsani yaron nan Yovanny tun ranar da ƙungiyar besbol ta garinsu, wasan nan na jifan ƙwallo da bugunta da sanda, ta ba shi aikin rufe wasa, wato ya shigo a zango na tara, na ƙarshe, ya karɓi jifa ya kare nasarar da ’yan uwansa suka wahalar wa. Yaro ne mai sarƙar zinare kamar akuyar biki. In ya fitar da mai bugu ɗaya sai ya daki ƙirji, ya nuna sama, ya taka rawa. Tir da wannan zamani.

Abin haushin, ’yan unguwa sun dage sai an shafe hoton tsohon mai rufe wasa, Fulgencio Peguero, da ke bangon shagon Eligio a zana na Yovanny. Haka ake yi a garin: wanda ke rufe wasa shi ke da bangon. Eligio ya rantse ba da ransa ba.

“Fulgencio ko dariya ba ya yi!” in ji shi. “Ƙwallonsa na zuwa gaban sanda sai ta nutse ƙasa. Hannu ne, ba rawa ba.”

“Tsoho, naka ya wuce,” in ji Nércido mai fenti, yana ajiye gwangwanayensa. “Bar mu mu yi aiki, rana na yi.”

Sai Eligio ya aika aka ɗauko masa Fulgencio kansa daga ƙauyen rake, ya zo ya rufe musu baki. Ran Lahadi da azahar ga shi, tumbi gaba, haƙora jajir da taba. Aka kawo masa shinkafa da wake da miyar kuɓewa. Jama’a suka zagaye shi.

“Gaya musu, gwani,” in ji Eligio. “Gaya musu yadda ƙwallonka ke nutsewa.”

Fulgencio ya tsoma yatsa cikin miya, ya ɗaga, yauƙi na zuba. Ya fashe da dariya har shinkafa na fita daga bakinsa.

“Ga hannun nan, compadre, aminina! Kuɓewa! Matata ke dafa min, in shafa a ƙarƙashin bakin hula. In taɓa hula, in taɓa ƙwallo, shi ke nan ta zame. Ranar da babu kuɓewa kuwa, ai hanci na nan, majina ba ta ƙarewa.”

Shagon ya kaure da shewa. Ashe gwanin Eligio da maguɗi ya yi suna.

“To, shi Yovanny fa?” in ji Nércido, yana share hawayen dariya.

“Wannan? Shi bai san komai ba, wawa. Da ƙarfin hannunsa kawai yake jifa. Na ce ya zo in koya masa, wai shi ƙazanta ce.”

Eligio ya janye kwanon daga gaban baƙon nasa. Ya fita, ya ɗauki burushi da kansa, ya fara shafewa daga fuskar hoton.

Bango kam fenti ya isar masa. Amma yana cikin shafawa sai ɗansa na fari ya leƙo daga bayan kanta yana tambayar ko a rufe shago. Eligio ya juya ya dube shi, burushi na ɗiga a hannunsa: shi da kansa ya raɗa wa ɗan nasa suna Fulgencio, wannan kuwa fenti ba ya shafe shi.