Jar Butar Rekiya

Shekara biyu Rekiya tana da butarta ita kaɗai, ja, da ɗaurin tsumma a hannu, kuma duk gidan an san ba a taɓa ta. An ɗauka tsabar tsafta ce irin tata. Ita kuwa abin da ke cin ta ba ya faɗuwa. Ƙaiƙayi ne a gabanta, wanda ko a bakin tukunyar turara shinkafa, sana'arta tun tana amarya a Kura, ba ya barin ta zauna.

Ta sha jin matan unguwa na cewa irin wannan sanyi ne, kuma a banɗaki ake ɗauka. Rekiya kuwa ba ta yin abu rabi: ruwan zafi da bagaruwa safe da yamma, sabulu mai ƙamshi, turaren tsuguno har ido ya yi ja. Abu sai gaba yake yi kamar ana zuba masa taki.

Sai ga autarta Fa'iza da cikin fari wata takwas, za ta dawo gida haihuwa da wanka. Nan hankalin Rekiya ya tashi. Mai jego da ɗanyen jiki, ga banɗaki ɗaya? Ta ce a kai ta Bunkure wajen ƙanwarta Kubra, wai hayaƙin murhu zai dami jariri. Ranar ta yi kuka a ɓoye, don 'ya'yan mutane da ta yi wa wankan jego ba su ƙirguwa.

Kubra dai ba a yi mata rufa-rufa. Ta matsa har ta ji gaskiya, ta tasa yayarta gaba sai Kano, wajen likita mace.

Likitar ta duba, ta ce fatar wurin ta yi fari, ta yi laƙai-laƙai kamar ɓawon albasa. Ba sanyi ba ne, ba ƙazanta ba. Garkuwar jiki ce ke taɓa fatar, kuma ya fi kama matan da suka daina al'ada. Ruwan zafin da turaren ƙara fusata shi suke yi. Ta rubuta man shafawa mai ƙarfi, ɗan kaɗan kullum har wata guda, sannan a riƙa ragewa. Tsarki da ruwa zalla, kuma ta riƙa dawowa ana dubawa, don ciwo ne da ake lallaɓawa.

Rekiya duk ba wannan ta zo ji ba.

"Likita, ana ɗauka?"

"Ko kusa, Mama. Ko zani ɗaya kuke ɗaurawa."

A mota Kubra ta yi ta tsokanarta, wai shekara biyu Yaya tana gadin buta a banza. Rekiya ta yi dariya har da hawaye.

Maganar Bunkure ta wuce, Fa'iza ta dawo gida. Kafin ta sauka ƙaiƙayin ya lafa, Rekiya har tana miƙe ƙafa a tabarma. Ita ta dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, ita ta dama kunun kanwa, ranta fes.

Ranar suna gida ya cika, butoci duk suna hannun baƙi. Fa'iza ta leƙo tana neman ta shiga banɗaki. Rekiya ta ɗauko jar butar, ta kwance tsumman, ta cika ta da ruwan ɗumi.

"Ungo, auta," ta ce.