Famfon da Inna Ta Hana a Rufe

A gidanmu akwai famfon da ba a rufewa. Ba wai yana zuba ba ne. Rabonsa da ɗigon ruwa tun ƙanena yana rarrafe, ga shi yanzu har ya tara gemu. Inna ce ta kafa dokar. A cewarta ruwa baƙo ne, in ya zo ya tarar da ƙofa a rufe gidan maƙwabta zai wuce.

Marigayi Baba ne ya ja famfon, lokacin gidanmu ne na ƙarshe a gari, bayanmu sai gonaki. Yanzu in ka hau mota a ƙofarmu sai ka yi barci ka farka ba ka fita gari ba. Gidaje suka yi ta ƙaruwa, madatsar ruwa ta yi ta ja da baya. Damina ma ta sauya hali, sai ta zo a makare, ta juye na wata guda a yini ɗaya, ta kama gabanta. Kowa ya haƙura ya koma ruwan tanka. Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya cire nasa famfon ya sayar, Inna ta ce dama mutumin nan ba shi da haƙuri.

Ni tela ce, kuma ɗakin famfon ne kaɗai mai haske, don haka can na ajiye kekena. A kan famfon nake rataya tef ɗin awo, iyakar amfaninsa gare ni ke nan. Inna kuwa kullum da hantsi sai ta jawo kujerarta kusa da shi, tana warware mini zare, kunnenta ɗaya a bango. Ba ta daɗewa a ko'ina, dubiyar mara lafiya ma a tsaye take yi. Burinta ɗaya ne: ranar da ruwa zai dawo ya same ta a gida.

Na ce, "Inna, ƙarfen nan ko gizo-gizo ya gaji da shi."

Ta ce, "Da da baki ake ɗinki, da kin gama na gari duka."

A daminar bana aka yi ruwan da ya cinye hanyar shigowa unguwa, tankoki suka ɗauke ƙafa. Ga ruwa kwance a titi har gwiwa, ga randa ƙaf. Ranar da wata tanka ta samu ta ratso, direban ya ce kowane kai jarka ɗaya, kuma sai ya ga kan da idonsa.

Na ce, "Inna, ki zo ki tsaya kawai. Kanki muke so, ba ƙarfinki ba."

"In ya zo fa?"

"Duk shekarun nan bai zo ba, sai yau da rana tsaka?"

Ta dubi famfon, ta dube ni, ta yafa mayafinta ta biyo mu.

Sai bayan la'asar muka baro layi, ƙanena yana turo jarkokin a baro. A ƙofar gida ruwa ya tarye mu, ja kamar an jiƙa tsatsa, da takalmina ɗaya yana yawo a kai. Ashe madatsa ta cika, an saki ruwa ta tsofaffin bututu na ɗan lokaci. Kafin mu shiga ɗakin har an ɗauke. Yadukan mutane da na tara a ƙasa duk sun zama launi ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na buɗe baki zan fara.

Inna ko kallon yadukan ba ta yi ba. Ta juya wurin mai gyaran rediyo, wanda ya shigo bayanmu da wando a naɗe.

"Ka ji shi?"

"Na ji ta bango, Inna. Na yi ta buga ƙofa."

"Ya yi tari kafin ya zo?"

"Ya yi, kamar tsohon inji."

Ta ce, "Haka yake yi. Babansu in ya ji tarin nan sai ya ƙwala mini kira, ko ina maƙwabta."

Tausayinta ya kama ni har na manta da yadukan.

Ta taka cikin ruwan, ta cire tef ɗina ta miƙo mini. Kan famfon ya ƙi murɗuwa, ta naɗe shi da gefen mayafi ta matsa har ya rufu.

Ta ce, "Ya zo bai same ni ba."

Washegari da hantsi ta ajiye kujerarta a tsakar gida, ta juya wa ɗakin baya. Na kwashe abin da ya rage na yaduka na ɗora saman kwaba, na ɗiga wa famfon man keke, na buɗe shi. Ban gaya mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Jiya dai na ga kujerar ta matso bakin ƙofar ɗakin famfon.