Taƙi Biyu na Baba

Ƙarfe biyu na rana esi mai sanyaya ɗakin Baba ya sake ɗaukewa, karo na huɗu ke nan. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye likita ya gargaɗe mu a kan zafi. Ga shi kwance, gumi ya jiƙe matashi, numfashi sama-sama.

Abin takaici, shekara talatin Baba ya yi yana gyaran esin mutane. Yau nasa ya gagara, bakin da zai faɗi magani kuma ya karkace.

Na kira Yaya a waya.

"Injin waje ne ke shaƙar iska mai zafi, shi ya sa yake kashe kansa. Jiƙa buhu ki sa masa ta inda yake jan iska, yadda Baba ke yi. Ni sai yamma zan iso."

Sai yamma! Na jiƙa buhun algarara, na fita baranda na lulluɓe bayan injin ruf, har da ɗaurewa. Ya yi gurnani na minti biyar, ya mutu.

Na dawo ina kuka. "Baba, wallahi na yi, ya ƙi."

Daga gadonsa yana hango baranda. Ya ware babban yatsa da na tsakiya a kan zanin gado, ya haɗe, ya sake warewa. Na kawo ruwa, ya kau da kai. Na murza masa hannun, ina zaton jijiya ce ta riƙe, ya fizge. Hawaye na gangara cikin kunnensa.

Sai a karo na uku na gane awo yake yi. Taƙi biyu tsakanin buhu da inji, don iska ta ratsa danshi ta huce kafin ta shiga. Ni da wayona ashe toshe wa inji hanci na yi.

Na mai da buhun kan igiyar shanya, na auna biyu. Inji ya tashi, ya sake ɗaukewa. Tsoro ya kama ni sosai.

"Baba, biyun na auna!"

Ya kamo hannuna ya ware shi, ya ɗora nasa a kai. Yatsuna ko kusa ba su kai nasa ba.

Na koma na auna uku. Inji ya tashi, bai ɗauke ba. Na tsaya a rana ina yayyafa wa buhu ruwa kofi-kofi, kunnena na taga, ina sauraron numfashinsa. Ruwan bokitin da nake ɗiba ya koma rabi, famfo kuma tun safe babu ko ɗigo.