Labarin Ɗan Fari daga Saliyo

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, magana ɗaya ake yi a dakalin ƙofar gidana a Madabo: a dawo da sojanmu daga Saliyo, ko a bar su. An kai su ne su taya gwamnatin can yaƙi da 'yan tawaye. Ɗana na fari yana cikinsu. Tun watan azumi, da aka yi ɓarin wuta a babban birninsu, ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Ban taɓa kama sunansa ba. Haka ubana ya yi mini. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Uwarsa 'Yardada ma haka take, sai dai na lura kwanon tuwonta yana komawa madafa kamar yadda ya fito.

Ni baduku ne. Kullum bayan la'asar taubashina Ɗantani, mai sayar da goro, yakan zo da rediyonsa ya same ni ina ɗinkin takalma.

"Tsohon banza," in ji shi, "ka ji dai. Ko 'yan majalisa sun ce a kwaso yaran nan. Ƙasar can ba su da maza ne?"

"An ce rundunarsu ta watse," na ce. "Mu fita yau, gobe a yanka su."

"Mu ne iyayensu?"

"Mu muka ce muna bayansu. Ba a cewa haka, wuta ta yi zafi a zame."

"Kai da ko kaza ba ka iya yankawa sai ka kira mahauci."

Ban kula shi ba. Ba zan ce a dawo da su ba. Duk unguwa ta san ina da ɗa a can. Sai a ce Mailafiya ya tsufa, yana kukan ɗan fari a bakin hanya.

Ran wata Laraba ana yayyafi, sai ga Shehu ɗan maƙwabcina, hannunsa na hagu a naɗe. Kofur ne, bataliyarsu ɗaya da yaron, dawowarsa ke nan daga Saliyo. Ya durƙusa ya gaishe mu. Na yi masa barka da arziki, na tambayi hannun, na tambayi hanya. A bayan asabarin zaure na hango ƙafafun 'Yardada.

Na ce, "Sojan ƙasar can, za su iya tsayawa da ƙafarsu?"

"Da dai ba su iya ba, Baba. Wani ya riƙe bindiga sai ka ce taɓarya. Yanzu ana horar da sababbi, an kuma zauna sulhu."

"Masu horar da su sun san aiki?"

"Sun sani ƙwarai."

Ya mai da idonsa kan tabarma. Yaro ne mai tarbiyya, ba zai jefa mini maganar a gaban jama'a ba. Ni kuma tambayoyina sun ƙare. Na ci gaba da huda fata.

Ɗantani ya kashe rediyo.

"Kai Shehu, rabu da wannan janar na takalma. Ɗana Ɗalha fa? Ni ba ni da kunyarsa."

"Lafiya lau na baro shi, Baba Ɗantani. Yana cikin masu horarwar ma. Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan salla, ya tashi. Ya ce a gaida gida."

"Ya rame?"

"Ya rame. Abincinsu shinkafa da miyar ganyen rogo."

"Ganyen rogo? Akuya aka kai musu ko soja?"

"Wallahi da daɗi. An ce kuma za a fara dawo da mu rukuni-rukuni. Yana sa ran kafin azumi."

Basilla ta soke ni a yatsa. Na goge jinin a tsumma, ban ɗago ba. Asabari ya motsa, ƙafafun suka ɓace. Jim kaɗan na ji turmi yana amsawa a cikin gida, dakan da na daɗe ban ji da irin wannan ƙarfi ba.

Da Shehu ya tafi, Ɗantani ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

"To, na bi ka," in ji shi. "Tunda namu ne malaminsu, a bar su can su shekara goma."

"Tunda mutanen sun fara riƙe bindiga daidai, zaman ya isa," na ce. "Taimako ba ƙaura ba ne."

"Au, janar ya sake shawara?"

"Labari ne ya sake."

Ya yi dariya har da tari. Na jawo jar fatar da nake ɓoyo a ƙarƙashin akwati, na shimfiɗa, na fara zana tafin ƙafa ba tare da ma'auni ba.

"Na waye wannan?"

"Na wani ne."

"Ƙara masa faɗi," in ji Ɗantani. "Takalmin soja yana buɗa ƙafa."

Na ƙara.