Akwati Mai Kunya

Tun ranar da Sama'ila ya ga Zalihatu a kasuwar Dumega, zaune gindin gawo tana zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi, hayaƙi siriri yana bi ta tsakanin yatsunta, barci ya yi masa ƙaura. Idan ya rufe ido, ƙwarya. Idan ya buɗe, ƙwarya. Tuwo ma sai ya tsaya yana kallon ƙoƙon miya har ya huce.

Sama'ila mai hoto ne, ɗan Dogon Dutsi. Ya yi lekwal, makarantar boko, shekara biyar, sannan ya tafi Yamai ya koyi sana'a wajen wani mutumin Dahome. A shekarar 1953 ya dawo Arewa da akwatin katako mai ƙafa uku da ido guda na gilashi, yana bin kasuwanni. Ya ɗauki masaƙa da marina da hannuwansu shuɗaye, ya ɗauki masu goge, har da wani Bafillace da ya ce sai an sa bijiminsa a tsakiya, shi a gefe. Amma Zalihatu ta ƙi.

"Ni ba a sa ni cikin akwati," in ji ta, ba ta ko ɗaga kai ba. "In kana so, ɗauki ƙwaryata."

Ya ɗauki ƙwaryar. Kasuwa ta zagayo, ya sake ɗauka. Sau goma sha ɗaya ya ɗauki ƙoren yarinyar nan, har takardun hotonsa suka kusa ƙarewa, alhali ba a samunsu sai motar gidan waya ta zo daga Yamai, wata-wata. So kenan, ba ya lissafi.

Da abin ya yi nisa, baffanninsa suka kai goro gidan mahaifinta, Ɗan'azumi maƙeri. Maƙerin ya karɓi gaisuwa, ya bar goron a inda aka ajiye shi, bai kwance ba. Wata biyu babu i, babu a'a. Abin da ya faɗa wa wani abokinsa ne kawai ya zagayo har kunnen Sama'ila: "Mutumin da sana'atai ita ta ƙura ma mutane ido, manya da yara, maza da mata, ina za ya samu kunya? Ni ba ni ba da ɗiyata ga marar kunya."

Maganar nan ta soki Sama'ila har ƙashi. Shi da idan ya hango maƙerin daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ko ya sake hanya ya bi ta cikin karan gero!

Ana nan sai ga wasiƙa daga Ado, yayan Zalihatu, wanda aka ɗauka soja aka kai yaƙin da Faransa ke yi a ƙasar Andoshin, bayan teku. Malamin lekwal ya karanta musu. Ado ya ce yana lafiya, ruwa ya yi yawa a ƙasar, shinkafa ta ishe shi. A ƙarshe ya ce abokansa duk suna da hoton iyayensu cikin aljihu, shi kaɗai ne ba shi da. A taimaka a aiko masa da na baba.

Ranar kasuwa, da hantsi, Zalihatu ta ce wa Sama'ila, tana hura wutar wuƙaƙenta: "Baba na kiranka. Kai da akwatinka."

Ya buɗe ambulan ɗin takardunsa ya duba: saura biyu. Biyun kuwa hoto guda ne, domin akwatin nan ba ya haihuwa sai da naƙuda biyu. Takardar farko takan fito a juye, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai an kafa ta gaban idon akwati an sake ɗauka, sannan mutum ya fito da kamanninsa.

"Kana tsoro?" in ji Zalihatu.

"Wa? Ni? Na ɗauki kumandan, Baturen mulki, da matarsa, hannuna bai girgiza ba."

"Kumandan ba shi da ɗiya mai zanen ƙwarya," ta ce, murmushi yana ɓoye a gefen bakinta.

Maƙerar tana bayan kasuwa, rumfar kara ce, baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Sama'ila ya tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, ya shiga da akwati a kafaɗa, ya durƙusa har ƙafar akwatin ta buge tulun ruwa. Ya yi gaisuwa idonsa a kan gawayi. Maƙerin ya amsa a taƙaice. A gefe, kan tabarma, Kaka Bilkisu ce zaune, mahaifiyar maƙerin, tsohuwar da haƙoranta suka tafi suka bar harshe shi kaɗai yana mulki.

"A'a, angona ya iso!" ta ce. "Kai ka zo da akwatin lehe? Ƙahwa ukku gare shi, kamar murhu. Buɗe in gani, mi ka kawo mini?"

"Kaka, akwatin aiki ne."

"Aiki! Mutum shi sa kai cikin zane kamar amarya, shi ce aiki."

Mutane suka fara taruwa a bakin rumfa. Ɗan'azumi ya ƙi sa rigar salla da aka fito masa da ita. Ya ce yadda yake kullum haka za a ɗauke shi. Aka jawo uwar maƙera zuwa bakin rumfa inda rana take, ya zauna bayanta da walkinsa na fata, masaba a dama, awartaki a hagu, riƙe da bakin hauya.

To, a nan gizo yake saƙar. Mai hoto dole ya ba da umarni. Ɗaga kai. Dubo nan. Kar ka motsa. Sama'ila ya faɗi kalmomin nan sau dubu, ga sarakai ma ya faɗe su. Yau ya buɗe baki, suka maƙale. Wane ɗan halak ne zai ce wa surukinsa dubo ni? Sai ya juya wajen tsohuwar, murya ƙasa-ƙasa.

"Kaka, da za a samu wanda zai roƙi baba ya ɗan tsaya cik..."

"Kai, Maƙeri!" ta daka tsawa. "An ce ka sandare!"

Dariya ta ɓarke. Sama'ila ya yi maza ya cusa kai cikin baƙin zane, yana godiya ga wanda ya ƙirƙiro shi. Cikin duhun nan, ya ce a ransa, babu mai ganinsa. Zai sunkuyar da ido kamar yadda ya kamata, ya daidaita gilashi, ya gama.

Kaico! Ya manta da halin akwatinsa. A gilashin ciki kowa a kife yake fitowa, ƙafafu a sama, kai a ƙasa. Yana sunkuyar da ido, sai ga shi ido cikin ido da Ɗan'azumi maƙeri. Jajayen idanun nan da suka shekara arba'in suna kallon wuta, ga su nan ƙasan gilashi, sun kafe shi. Kuma ga dattijo, uban Zalihatu, a tsaye bisa kansa kamar jemage, kuma shi Sama'ila ne ya kifa shi!

Ya ɗaga ido sama, ya ga ƙafafu. Ya sauke, ya ga idanu. Hannunsa ya kai ga akwatin da kansa, ya ɗan dunƙufar da shi ƙasa, kaɗan, ƙara kaɗan, har fuskar ta zame ta fice daga gilashin. Ya sauke numfashi. Bari in daidaita a kan hannuwa tukuna, ya ce, in zuciyata ta kwanta sai in mayar.

"Angona, ka mutu ciki?" Kaka Bilkisu ta kira. "Rana na cin ɗana!"

Ya firgita. Ya zura hannu cikin hannun rigar da aka ɗinka a jikin akwatin, ya kafa takarda, ya fito, ya cire murfin ido yana kallon ƙasa, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya rufe. Ya tsoma takardar a ruwan magani na cikin akwati, ya jira, ya zaro ta tana ɗiga.

Kaka ce ta fara leƙawa. Ta kama haɓa.

"La'ilaha! Ya mai da shi Nasara, hannuwa hwarare tas. Kuma ya sare mishi kai!"

Sama'ila ya duba. Duniya ta juya masa kamar gilashin akwatinsa. Ga uwar maƙera, ga masaba, ga walki, ga hannuwa biyu. Daga wuya zuwa sama, babu. Bai mayar da akwatin ba.

Takarda ɗaya ta rage. In ya sake ɗaukar maƙerin da ita, zai fito da kai, amma farar fuska da baƙaƙen haƙora, abin da in Ado ya gani a bakin daga sai ya ce wata doguwa ce ta biyo shi daga Lugu, garin 'yan bori. In ya juya ta farkon da ita, zai fito baƙi kamar kowa, amma ba kai. Can bayan mutane ya hango Zalihatu, ta sa gefen zane a baki. Ko dariya take dannewa ko kuka, bai sani ba. Ya ji hawaye suna yi masa zafi. Shi ke nan, goro zai koma Dogon Dutsi.

Amma aikin da aka fara a ƙarasa shi. Ya kafa jiƙaƙƙiyar takardar gaban akwati, ya ɗauka, ya wanke. Ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Ɗan'azumi ya goge yatsu a walki ya karɓa. Ya daɗe yana kallo.

"Ina kaina?"

"Baba..." Sama'ila ya ƙara sunkuyar da kai. "Na sunkuyar da ido, sai na same ku a ƙasan gilashi kuna kallona. Ban iya ba. Sai na sunkuyar da akwatin."

"Ka sunkuyar da akwatin."

"Na sunkuyar, baba."

Kaka Bilkisu ta faɗi gefe guda tana dariya, tana dukan tabarma. Maƙerin bai yi dariya ba. Ya matso da hoton kusa da fuska. Kowace jijiya ta fito, kowane kanta, har da tsohon tabon ƙuna a gindin babban yatsan hagu. Ya shafa tabon na takarda, sannan ya shafa na hannunsa.

Ado ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Ɗan'azumi bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, kamar yadda aka gada. Da maƙerin ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Wancan da ke bayan teku, shekara tara yana yi mini zuga a nan. Bai taɓa ɗaga ido ya dubi huskata ba, ni ma ban dubi tashi ba. Hannuwan ga yake kallo, in sun ɗaga shi ƙara iska, in sun sauka shi rage. Wanga tabo, ranar da ya hwara riƙa awartaki na same shi." Ya ɗaga hoton. "In an aika mishi huska, sai ya tambaya ko wane ne. Wannan kuwa ya san shi. A aika."

Ya miƙa wa mahaifiyarsa hoton, ya jawo masabarsa, ya tura bakin hauya cikin wuta, kamar magana ta ƙare. Sama'ila ya fara naɗe ƙafafun akwati.

"Kai, mai akwati."

"Na'am, baba."

"Na ga mutane masu kunya. Ban taɓa ganin wanda ya koya ma katako ita ba." Ya juya ƙarfen cikin garwashi. "Goron nan da anka bari a ɗakina ya hwara bushewa. Gobe za a kwance shi a raba. Ka gaya ma baffanninka."

Kaka Bilkisu ta rangaɗa guɗa da bakinta marar haƙori, har ta shaƙe ta koma tari.

A bakin hanya Sama'ila ya tsaya neman takalmansa, ya sa na dama a hagu bai sani ba. Zalihatu ta zo wucewa da ƙorenta a ka, ba ta tsaya ba, ta dai rage tafiya.

"In motar Yamai ta kawo takarda," ta ce, idonta a kan hanya, "na yarda a sa ni cikin akwati. Amma ni da kaina nake so. Ka ji? Har kallabi."